Fenti da Tina a Wurin Gini: Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ta Tambuwal, ko ya shiga ƙasar Kebbe, zai lura da yadda ginin bulo da siminti yake maye gurbin ginin ƙasa: gidaje, shaguna da azuzuwan makarantu. Magina na da suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, sannan su ƙawata shi da farar ƙasa. A yau kuwa ba a cewa gini ya kammala sai mai fenti ya sa hannu. Sana'a ce mai rufin asiri, kuma matasa da yawa, har da ɗaliban sakandare a lokacin hutu, suna samun na kashewa a cikinta. Sai dai kayan aikinta sinadarai ne masu iya cutar da jiki a ɓoye. Wannan maƙala za ta bayyana yadda suke shiga jiki, da ɓarnar da suke yi, da hanyoyin kare kai.

Abin da ke cikin gwangwanin fenti

Fenti haɗi ne na abubuwa uku. Na farko shi ne garin launi. Na biyu shi ne danƙon da ke manna launin a jikin bango ko ƙarfe. Na uku shi ne ruwan da ke narkar da danƙon domin buroshi ko rola su iya shimfiɗa shi. A fentin ruwa, wanda aka fi shafa wa bango, wannan ruwa na zahiri ne, don haka haɗarinsa kaɗan ne. A fentin mai kuwa, wato mai ƙyallin nan da ake yi wa ƙofofi da tagogi da ƙarafa, ruwan daga ɗanyen man fetur aka tace shi. Danginsa ne tina da ake tsinka fenti da shi, wanda galibi yana ɗauke da sinadarai irin su toluwin da zailin. Wasu kuma, don neman arha, sukan tsinka da fetur ko kananzir.

Idan aka ce fentin mai ya bushe, ina wannan ruwa ya tafi? Ya zama tururi ya shiga iskar ɗakin. Ke nan warin da muke ji shi ne sinadarin kansa, a kan hanyarsa ta shiga jikinmu.

Ƙofofi uku na shiga jiki

Babbar ƙofa ita ce huhu. A cikinsa akwai miliyoyin ƙananan jakunkunan iska masu siririn bango, inda iska ke haɗuwa da jini. Mutumin da ke zaune yana shaƙar kimanin lita 6 na iska a minti ɗaya, mai aikin ƙarfi kuwa yana ninka wannan sau da yawa. Tururin tina yana ratsa bangon jakunkunan nan cikin sauƙi, jini ya kwashe shi. Ɗabi'ar waɗannan sinadarai ita ce narkewa a cikin maiƙo, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa suna da maiƙo mai yawa, shi ya sa can suke fara yin zango. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala kamar ta maye. Toluwin ɗin nan shi ne ke bugar da masu shaƙar sholisho. Bambancin kawai mai fenti bai nemi mayen ba. Mutumin da jiri ya ɗebe shi yana kan tsani kuwa, faɗuwarsa ta fi tururin saurin illa.

Sau da yawa za ka ji tsohon mai fenti yana cewa shi ya saba, ba ya ma jin warin. Gaskiyar magana ita ce hancinsa ne ya gaji da kai rahoto, kamar yadda mai sayar da daddawa ba ya jin warin hajarsa. Huhu bai daina karɓa ba, hanta da ƙoda kuma ba su huta da aikin tace gubar ba. Shekaru na irin wannan shaƙa suna iya kawo mantuwa, saurin fushi da raunin jijiyoyi. A shekarar 1989 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya aikin fenti cikin sana'o'in da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo.

Ƙofa ta biyu ita ce fata. Fatarmu tana da wani maiƙo na halitta da ke kare ta. Wanda ya wanke hannu da fetur ko tina ya wanke wannan maiƙo, fata ta bushe ta tsattsage, sinadarin ya sami hanyar wucewa. Fetur yana ɗauke da benzin, wanda aka tabbatar yana lalata ɓargo, inda ake ƙera jini, har ya kai ga sankarar jini.

Ƙofa ta uku ita ce baki: cin goro ko abinci da hannu mai fenti, da kuma zuba tina a gorar ruwa ko kwalbar lemo, inda yaro mai jin ƙishirwa zai ɗauka abin sha ne.

Yadda yanayinmu ke ƙara haɗarin

Zafi yana gaggauta tashin tururi. A wannan yanki, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, don haka gwangwanin da aka bari a buɗe yana cika ɗaki da tururi cikin ɗan lokaci. Hunturu ma da nasa tarkon. Domin kada ƙura ta ɓata sabon fenti, ma'aikaci yakan rufe ƙofa da tagogi ya yi aiki a ciki. Ya ceci fentin, amma ya kulle kansa da guba.

Wannan tururi ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya. Wanda ya shiga tankin ruwa ko wani rami don ya yi masa fenti yana iya suma kafin ya farga, wanda ya faɗa don ya ceto shi kuma ya bi sahunsa. Haka nan tururin yakan malala a ƙasa har ya tarar da tartsatsin walda, ko janareta, ko guntun taba, ko murhun mai abinci, wuta ta biyo shi da baya zuwa gwangwanin.

Dalma: gubar da ba ta bushewa

Tina yakan tashi ya tafi, amma akwai gubar da ke zama a bango. An daɗe ana sa sinadaran dalma a fentin mai domin launi ya fito, musamman rawaya da ja, ko domin ya yi saurin bushewa. Tun a 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙulla yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma wajen fentin cikin gine-gine, Amurka kuma ta haramta fentin dalma a gidaje a 1978. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke ba ƙasashe shawarar bi ita ce kashi 90 cikin miliyan. Duk da haka, gwaje-gwajen da aka yi a Nijeriya sun sha gano fentin mai da ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Haɗarin yana tasowa ne idan fenti ya tsufa yana ɓarewa, ko aka goge shi da samfefa a bushe, ƙura ta tashi. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, ya ajiye ta a ƙasusuwa da haƙora shekaru da yawa. Yaro ƙarami yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotsa, kuma illar da take yi wa basirarsa ba ta gyaruwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen abin a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje dalmar ta fito, amma hanyar iri ɗaya ce: ƙura, hannun yaro, baki. Mai fentin da ya koma gida da rigar aiki ya ɗauki ɗansa yana iya buɗe wannan hanya.

Matakan kariya

1. A zaɓi fentin ruwa duk inda zai wadatar, a kuma nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma.
2. A buɗe ƙofa da tagogi ta fuskoki biyu. A yi aikin fentin mai da sassafe ko da yamma, a riƙa fita shan iska.
3. Takunkumin yadi ko rawani ƙura kawai yake ragewa. Mai feshi yana buƙatar takunkumi mai matatar gawayi, da tabarau, da safar hannu irin wadda tina ba ya ci.
4. A jiƙa tsohon fenti kafin a kankare shi, a kuma share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.
5. A cire fenti daga hannu da man gyaɗa, sannan sabulu da ruwa. A bar kayan aiki a wurin aiki.
6. A rufe gwangwani, a nesanta shi da wuta. Kada a mayar da shi mazubin ruwa ko hatsi.
7. Kada mutum ya shiga tanki shi kaɗai.

Agajin gaggawa

Wanda jiri ya kama, a fitar da shi sarari nan take. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. Wanda ya sha tina ko kananzir, kada a sa shi amai, domin yana iya kwarara cikin huhu ya ƙone shi. A garzaya da shi asibiti tare da gwangwanin. Madara da manja, duk da yaɗuwar imanin da aka yi da su, ba sa karya wannan guba.

Kammalawa

Yawancin waɗannan matakai ba sa cin ko kwabo; sani kawai suke buƙata. Shugabannin makarantu su sa a yi fentin azuzuwa a farkon hutu, domin su sha iska kafin ɗalibai su dawo. Malaman kimiyya su zuba ɗigon ruwa da ɗigon tina a kan faranti a filin makaranta, ɗalibai su ga wanda zai riga ɓacewa, sannan a tambaye su inda ya tafi. Ɗalibin da ya gane amsar zai iya kai ta ga yayansa ko maigidansa a wurin gini, domin rigakafi ya fi magani.