Gumin Mai Busa

A shekara ta 1960 wani baƙo daga Amurka ya sauka Kaduna, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello. Sunansa Louis Armstrong, gwanin busa ƙaho a kiɗan da ake ce da shi jaz. Jama'a sun ga fara'arsa da farin hankicinsa. Amma leɓen nan mai murmushi ya sha tsagewa har jini saboda yawan busa.

Mai jaz yakan ƙaga rabin kiɗansa nan take a idon jama'a, shi ya sa ko gwani gabansa yakan faɗi. Ɗaukar faifai ma ba wasa ba ne. Sa'ad da Armstrong ya fara shiga faifai a 1923, sai makaɗa su jeru gaban wani babban mazurari, allura tana zana sautin a kan kakin zuma. Faifan bai wuce kamar minti 3 ba. In mutum ɗaya ya kuskure, sai a koma farko.

Mu a Damba wannan ba baƙon abu ba ne. Mun san Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura, wanda ya rasu a 1991. In ya ɗauko waƙa, dole masu kotso da 'yan amshi su cafe daidai, in ba haka ba a ji kunya gaban sarki.

Ashe kiɗa sana'a ce mai cin jiki. In mun gayyato makaɗa bikin gidanmu, kada mu sallame su da tuwo da godiya kaɗai. Su ma da iyali suke.