Spider-Man ko Sindbad: wa za a zana a katangar filin Kawu?

Kawuna yana da wani fili a bayan garin Kumasi, shekara da shekaru ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da awakin maƙwabta. Bayan Babbar Sallah ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da takardu baje a gabansa. Wai so yake ya mai da filin wurin wasan yara: lilo uku ko huɗu, ɗan jirgin ƙasa mai zagaye, da rumfar sayar da abin sha. Ya ga yadda yaran Zango ke tururuwa zuwa wuraren shaƙatawa ranar yawon Sallah, ya ce me zai hana kuɗin nan su tsaya a hannun namu. Mai fentin da ya ɗauko har ya kawo masa zane: Spider-Man a ƙofar shiga, Elsa ta fim ɗin Frozen a katangar dama, wata jar mota mai idanu a ta hagu.

"Kai ne mai karance-karance," in ji shi. "Waɗannan na fim zan sa, ko akwai abin da ya fi su a littattafanku? Ribar goro ta shekara goma zan zuba fa."

Na roƙi mako guda. Tambayar ta fi ƙarfin filin Kawu, don ita ce manyan kamfanonin Amurka da Turai suka shafe shekara saba'in suna kokawa da ita, wasu sun yi arziki, wasu sun tafka asara.

Ranar da aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya, 17 ga Yulin 1955, tsofaffin littattafai ne suka cika wurin. Akwai jirgin Peter Pan, akwai kofunan shayi masu juyawa daga labarin Alice na 1865, akwai motar Mista Toad daga wani littafin yara na 1908. Shekara guda bayan haka aka ƙara tsibirin Tom Sawyer, yaron nan mai ƙiriniya na littafin Mark Twain. Gaskiya ne yawancin labaran sai da suka bi ta fina-finan zane na Disney kafin su iso filin, amma tushensu takarda ne. Jirgin Peter Pan yana nan har yau, layinsa kuma ba ya yankewa.

Tom Sawyer kuwa bai yi wannan sa'ar a ko'ina ba. A Yulin 2025 aka rufe tsibirinsa na filin Disney da ke Fulorida, don a gina wani sashe na fim ɗin Cars. Wato dai jar motar nan mai idanu da mai fentin Kawu ya zano, ita ce ta kori Tom daga gidansa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tom Sawyer ba na kowa ba ne yanzu, haƙƙin mallakar littafin ya ƙare tuntuni, kowa na iya buga shi ko ya sayar da hular kabarsa. Jar mota kuwa ta kamfani ce ita da inuwarta. In yaro ya sauka daga lilo, ƙofar fita takan ratsa da shi ta cikin kanti, kuma kowace riga da kowane kofi da ke ɗauke da hoton motar, kuɗinsa gida yake komawa. Shi ya sa Disney ta sayi Marvel a 2009, ta sayi kamfanin da ya yi Star Wars a 2012, kowannensu a kan kusan dala biliyan 4. In ka ji an ce fim ya fi littafi jan jama'a, ka fara tambaya wa ke karɓar cinikin kanti.

Ni dai na shiga wannan bincike ne a matsayin lauyan littafi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fara karya min gwiwa shi ne Dickens World. A garin Chatham na Ingila aka gina shi, inda Charles Dickens ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, aka kashe fam miliyan 62, aka buɗe a 2007. An gina lungunan tsohuwar Landan a cikin wani makeken zaure, da ajin makaranta mai malami mai tsawa, da kwalekwale da ke bi da kai ta labarin Great Expectations. Marubucin ya shahara iyakar shahara, mu ma nan an sa mu karanta Oliver Twist a makaranta. Duk da haka wurin bai kai shekara goma ba, a 2016 aka garƙame shi.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ai ba abin mamaki ba ne. Daɗin Dickens yana cikin zukatan mutanensa: maraya mai yunwa, tsohuwar da ango ya guje wa ranar aure, marowacin da ya tuba. Waɗannan ba a hawansu. Ba uban da zai biya kuɗin ƙofa ranar hutu don 'ya'yansa su ɗanɗana talaucin Landan, balle mu da muke da namu a kusa.

To amma kafin masu fim su fara tafi, su ma suna da nasu makabartar. Wa ya kai mu son fim ɗin Indiya? A ƙarshen 2016 aka buɗe Bollywood Parks a Dubai, da wasanni a kan Sholay da Lagaan da Dabangg da Krrish, a garin da Indiyawa suka fi kowace al'umma yawa. A Afrilun 2023 aka rufe shi, yanzu filin Real Madrid ne a wurin. Disney ma ta gina wani otal a Fulorida mai siffar jirgin sama jannati na Star Wars, kwana biyu na mutum biyu kusan dala 5,000. An buɗe a Maris na 2022, aka rufe a Satumban 2023. Ga kuma tsufa. Fim yana tsufa da sauri fiye da ƙarfe da siminti. Kamfanin Universal ya cire wasan Back to the Future daga filinsa na Orlando a 2007, ya cire na Jaws a 2012, alhali a zamaninsu ba fim ɗin da ya kai su tashe.

Abin da ya warware min zaren, wani fim ne da ake yi wa kallon abin kunya. Waterworld, na Kevin Costner, ya fito a 1995, ya ci kuɗin da ba fim ɗin da ya taɓa ci kafinsa, ya zama abin zolaya a jaridu. Amma wasan da Universal ta gina a kansa a filinta na Hollywood tun wannan shekarar yana nan ana yi, har an kwafe shi zuwa Japan da Singafo da Beijin. Mutane su zauna a gaban wani babban tafki, a yi ta tsere da baburan ruwa, wuta ta tashi, can sai jirgin sama ya keto katanga ya faɗo cikin ruwa a gabansu. Da yawan masu ihun nan ba su taɓa kallon fim ɗin ba, kuma ba su yi asarar komai ba.

Ashe abin dubawa ba daga inda labari ya fito ba ne. Abin dubawa shi ne ko labarin yana da wuri, wurin da mutum zai so ya taka da ƙafarsa, da abin da jiki zai yi in ya isa can: a hau, a faɗo, a ɓuya, a jiƙe, a ci wani abu.

Harry Potter shi ne shaida mafi ƙarfi, kuma kowane ɓangare na gardamar yana cewa nasa ne. Littafi ne tun 1997, fim tun 2001. Da Universal ta buɗe ƙauyensa a Orlando a watan Yunin 2010, masu shiga filin suka tashi daga kusan miliyan 4.6 a 2009 zuwa sama da miliyan 7.5 a 2011. Marubuciyar ce ta ƙago makarantar da kantunan da tashar jirgin, har da abin da ake sha. Masu fim kuma suka ba su kama guda wadda kowa ya yarda da ita, don mai karatu kowa da ginin da ya gina a kansa. Na san da yawa daga cikin iyayenmu ba sa son labarin saboda sihirin da ke ciki, wannan kuma magana ce mai zaman kanta. Wani ƙanina da ke zaune a Amurka ma har waya ya yo min daga can yana tambaya ko ya halatta 'ya'yansa su sha butterbeer. Suna ne kawai mai tsoratarwa, wanda ake sayarwa a filin ba giya a ciki, zaƙi ne zalla da kumfa.

Littafi shi kaɗai ma yana iya tsayawa in yana da irin wannan wurin. A Tokyo DisneySea, wanda aka buɗe a 2001, dutse mai aman wuta da ke tsakiyar filin na Jules Verne ne, marubucin Faransa: ƙarƙashinsa akwai tafiya zuwa cikin ƙasa daga littafinsa na 1864, da nutso a teku daga na 1870. Verne ya rubuta kogo da jirgin ƙarƙashin ruwa, Dickens ya rubuta zuciya, bambancin ke nan. A wannan filin kuma, can wani ɓangare mai kubbobi, akwai kwalekwale da ke zagayawa da kai cikin tafiye-tafiyen Sindbad. A Holan ma filin Efteling yana da irin wannan tun 1986, wani birni na Dare Dubu da Ɗaya da ake ratsawa ta ruwa.

Nan ne na ajiye waya na yi shiru. Japanawa da mutanen Holan suna bin layi don labarin da kakata take ba mu a tsakar gida. Sindbad ya tashi daga Bagadaza ta Basra, ya sauka a tsibirin da ashe bayan kifi ne, ya ɗaure kansa a ƙafar tsuntsun da ƙwansa ya kai kubba, ya faɗa kwarin lu'ulu'u mai macizai, wani tsoho ya haye wuyansa ya ƙi sauka. Tafiya bakwai, tasha bakwai. In ba don ɗan jirgin ƙasa mai zagaye aka tsara wannan ba, to don me?

Na koma wurin Kawu da abu biyu. Na farko gargaɗi: Spider-Man da Elsa suna da masu su, wanda ya zana su a ƙofa yana karɓar kuɗi ya gina kasuwarsa a kan kayan wani, ko da ba a taɓa zuwa an tambaye shi ba. Na ce masa ko Ananse ma ba kyauta ba ne a nan Gana, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta sa al'adun gargajiya a hannun gwamnati, mai son kasuwanci da su sai ya nemi izini daga hukumar da ke kula da su. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya zo min a rai, don shi ma tafiya ce daga gari zuwa gari, amma marubucin a 1981 ya rasu, littafin yana da masu haƙƙi. Na biyu, na karanto masa tashoshin Sindbad.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi min tambayar da na yi mako ina gudu.

"Yaran yanzu sun san shi?"

Ba su san shi ba. Yaranmu suna jin Hausa a gida, suna karatu da Turanci a makaranta, dare kuma waya ta karɓe shi daga hannun kakanni. Wannan ita ce fa'idar fim ta gaskiya, wadda duk son littafina bai isa ya share ba: yaro ya hango jar mota daga cikin tasi ya fara jan rigar uwarsa, ba sai an yi masa bayani ba. Sindbad sai an gabatar da shi, kuma Kawu ba shi da kuɗin talla.

Muka yi yarjejeniya. Mai fenti zai dakata. Ni kuma ranar Asabar zan tara jikokinsa da yaran layin a zaure in ba su tafiya ta farko da ta biyu. In suka nemi ta uku da bakinsu, jirgin ƙasa ya zama na Sindbad.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi zaman, yara goma sha ɗaya. Wajen kifin nan an yi ta dariya, biyu sun tashi sun bi mai sayar da kankara. Da tsuntsu ya ɗauki Sindbad sama zauren ya yi tsit. Ina rufe baki sai ƙaramin jikan Kawu, ɗan shekara shida, ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Baba, in Sindbad ya haɗu da Spider-Man, wa zai ci wani?"

Kawu yana daga ƙofar ciki yana jan carbi. Ya ce in tambayi maƙerin walda nawa zai yi masa tsuntsun, amma kada a goge jar motar tukuna.