Kafin ka cire katako ka sa roba a bakin rufin gidanka

Duk wanda ya ratsa unguwannin Ƙofar 'Yandaka da ke birnin Katsina a 'yan shekarun nan, ya ɗaga kai ya dubi gidajen da ake yi wa kwaskwarima, zai ga katakon da ke kewaye bakin rufin kwano yana ɓacewa, farar robar PVC na maye gurbinsa. Wasu har da adon soso, wato kumfar da ake yankawa a manna a saman taga ko kan katanga, a shafe da siminti, ka rantse ginin bulo ne.

Masu gidajen suna da hujja. Ruwan damina ya jiƙa katako daga Yuni zuwa Satumba, hunturu ya busar da shi har ya tsage, gara kuma ta ƙarasa aikin. Kakanninmu da azarar giginya suka yi rufi, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Yau kuwa katakon da ake shigo mana da shi daga Kudu sau da yawa ɗanye ne, ko gama bushewa bai yi ba ake ɗora shi. Roba ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ba ta kuma neman fenti duk shekara. Wannan gaskiya ne.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗa maka shi ne, robar ba ta tsayuwa da ƙafarta. A jikin katako ake kafa ta. In katakon ciki ya riga ya kamu, rufa-rufa kawai aka yi: gara na ci a ɓoye, kai kana ganin waje fes. A da, in bakin rufi ya fara lalacewa, ido zai gani a kira kafinta. Yanzu sai ranar da iskar farkon damina ta taso, ta yaye silin da kwanon gaba ɗaya, sannan a gane ƙusoshin a cikin garin katako suke tsaye.

Don haka kafin a ɗora ko falle ɗaya, ka sa a kafa tsani, ka hau da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi. A ɗauki sukudireba a soki katakon, musamman a kusurwa da wajen indararo. In ta nutse kamar an soki burodi, ko aka ƙwanƙwasa aka ji holoƙo, ko aka ga siririn ginin jar ƙasa ya bi bango ya hau sama, to wannan katakon na cirewa ne. Sabon da za a sa a shafe shi da maganin gara irin su Solignum, ya sha sosai har bakin da zarto ya yanka. Kwanon da ke yoyo kuma a gyara shi tukuna, domin ruwan da ya shiga bayan roba ba ya samun hanyar bushewa.

Sai batun rana. A watan Afrilu zafin Katsina kan kai digiri 40, bangon da ke kallon yamma ya fi haka nesa ba kusa ba. Roba na miƙewa da zafi, ta tsuke da sanyi. Falle mai tsawon mita 6 zai iya motsawa kusan santimita 1 tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara. Kafintan da ya matse ta da ƙusa bai bar mata wurin numfashi ba, shi ne ke jawo lanƙwashewar nan da ake gani. Kuma yawancin siraran robobin da ke kasuwa don silin ɗin ɗaki aka yi su. A waje rana na mayar da su ruwan ɗorawa, su bushe, su riƙa karyewa da taɓawa kaɗan. Araha ba ta ado. Ka tambayi mai kauri wadda aka yi don waje, ka duba ko tana da shaidar hukumar SON, ka kuma guji mai duhun launi, don ita ta fi zuƙar zafi. POP kuwa ba shi da hurumi a inda ruwa ke bugu.

Mafi haɗari shi ne gobara. PVC in ta ji wuta narkewa take yi, tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro. Soso ya fi ta saurin kamawa, yana ɗiga da wuta a jikinsa. A Landan, a 2017, rufin ado mai roba a ciki da aka lulluɓe benen Grenfell da shi ne ya yaɗa wutar da ta ci rayuka 72. Gidajenmu ba benaye ba ne, amma sau nawa ake cusa wayar lantarki tsirara a bayan silin, a naɗe mahaɗarta da leda? Sau nawa ake ajiye janareta ko a hura murhu daidai ƙarƙashin bakin rufi?

Maigida, kada ka biya kuɗin aiki sai ka ga katakon ciki da idonka, ka ga wayoyin wuta a cikin bututunsu. Kai kuma kafinta, ka ji tsoron Allah, in ka tarar da gara ka faɗa wa mai gidan kafin ka rufe.