Fara Gudu Bayan Shekara Arba'in

A Babban Giji, kamar sauran unguwannin Tarauni a Kano, idan aka hangi magidanci mai furfura yana gudu a bakin titi, abin da za a fara tambayarsa shi ne, "Alhaji, lafiya?" Mun taso da sanin cewa gudu na yara ne da 'yan ƙwallo da sojoji, babba kuwa a natse yake tafiya. A da wannan bai cutar da kowa ba, domin dattijon da ba ya gudu yana noma, yana taka sayyadarsa daga Gyadi-Gyadi har cikin Birni ya dawo. Magidancin yau daga ƙofar gida sai adaidaita sahu ko mota, daga nan sai kujerar ofis ko bencin shago, da yamma kuma majalisa.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da wannan zama ya haifar. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ganin likitan hawan jini ko ciwon suga ya san yadda layin yake. Ƙididdiga ta nuna kusan mutum uku cikin kowane goma na manyan Najeriya suna da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Likita kan ce, "A rage gishiri, a riƙa motsa jiki." Mutum ya ji tsoro, ya nufi 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ya sayo kambas, ya yi 'yan kwanaki yana sheƙa gudu kamar ɗan shekara ashirin, gwiwa ta kumbura, ya jefa takalmin ƙarƙashin gado ya ce dama gudu ba na manya ba ne. Ni a ganina shekarunsa ba su da laifi. Gaggawa ce ta kayar da shi.

Amfanin gudun kansa ba abin musu ba ne. A shekarar 2014 aka wallafa wani bincike a Amurka da ya bibiyi mutum sama da 55,000 na kimanin shekara 15. Masu gudu sun samu ragin kashi 30 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a tsawon lokacin idan aka kwatanta da marasa yi, ta fuskar ciwon zuciya kuwa ragin ya kai kashi 45. Abin da ya fi jan hankalina shi ne har masu sassarfar minti 5 zuwa 10 a rana sun samu wannan riba. Rai da ajali na Allah ne, amma kula da jiki sababi ne da aka umarce mu da riƙo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu.

"To gwiwa fa?" Wannan ita ce tambayar kowane dattijo, kuma tana da amsa. A 2017 wasu masana sun tattara bincike da dama kan amosanin gwiwa da ƙugu. A cikin masu gudu don lafiya, kashi 3.5 cikin ɗari ne ke da shi. A cikin masu zama wuri ɗaya, kashi 10.2. Waɗanda suka zarce kowa su ne 'yan gasa masu gudun wuce kima, da kashi 13.3. Guringuntsin gwiwa ba shi da hanyoyin jini a cikinsa. Kamar soso yake: a matsa shi ruwa ya fita, a sake shi ya tsotsi sabo, kuma ta haka yake samun abincinsa. Gwiwar da aka ajiye ba ta motsi ba hutawa take yi ba.

To me ya sa sabon shiga ke jin ciwo? Saboda sassan jiki ba tare suke sabawa ba. Zuciya da jini suna da saurin koyo. Cikin mako biyu zuwa uku ruwan jini ya ƙaru, zuciya ta fara tura jini mai yawa a bugu ɗaya, haki ya ragu. Tsoka ma tana biyo baya cikin 'yan makonni. Amma agara, wato jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, da jijiyoyin gwiwa, da ƙashin ƙwauri, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari, kuma gyaransu yana ƙara jinkiri yayin da shekaru ke ja. Duk taku ɗaya na gudu yana sauke wa ƙafa nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Mai kilo 90 ke nan yana ɗora wa ƙafa ɗaya wajen kilo 200, kuma zai maimaita haka kusan sau dubu a kilomita guda. Saboda haka lokacin da ya fi haɗari shi ne mako na uku ko na huɗu, ranar da mutum ya ji numfashinsa ya daidaita har ya ce bari ya ƙara zagaye biyu. Ƙirji ya yarda, ƙafa ba ta shirya ba.

Akwai tsarin da aka gina kan wannan fahimta. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara shi a 1996 domin mahaifiyarsa, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta karɓe shi tana koya wa jama'a. Mako tara ne, sau uku a mako, da ranar hutu tsakanin kowace fita. A makon farko, bayan tafiyar minti biyar don jiki ya ɗumama, gudun minti ɗaya ake yi, a yi tafiyar minti ɗaya da rabi, a sake, har minti ashirin. A hankali gudun ke tsawo, tafiyar na raguwa, har a kai minti talatin ba tsayawa. Ga wanda ya ajiye tumbi kuma ya shekara goma bai yi tafiyar kirki ba, zan ce ya fara da wata guda na tafiya da sauri kawai. Makon da ya yi masa nauyi ya maimaita shi, ba jarrabawa ba ce. Ma'aunin sauri kuwa muna da shi a bakinmu: idan maƙwabci ya gaishe ka, ka kasa amsa masa "lafiya lau, ya iyali, ya ƙoƙari" ba tare da numfashi ya yanke ba, ka yi sauri da yawa.

Kafin duk wannan, a auna jini. Kemis na unguwa ma yana yi, asibitin sha-ka-tafi yana yi. Gudu yana kare zuciya a tsawon lokaci, amma a daidai lokacin da ake yin sa yana matsa mata, musamman ga wanda bai saba ba. Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya sa ɗimbin Amurkawa gudu, zuciya ce ta buga masa yana cikin gudu a 1984, yana da shekara 52. An tarar hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe, mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ajalinsa yana ɗan shekara 43. Duk mai irin wannan tarihi a gida, ko mai suga, ko ciwon ƙoda, ya ga likita tukuna. Nauyi ko zafi a ƙirji, jiri, ko haki da ya wuce aikin da ake yi, alamu ne na a tsaya a tafi asibiti a ranar. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara gudu. Mai allurar suga ya sa dabino a aljihu, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa.

Yanayin Kano ma da nasa sharaɗin. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, ga shi babba ba ya jin ƙishi da wuri kamar yaro, don haka bayan sallar Asuba ne lokaci. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya haƙura. Da azumi a koma tafiya, ko a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin yin gudun. Titin Zariya da gadar Dangi da titin Zoo na motoci ne da hayaƙinsu. Fauja Singh, dattijon nan ɗan asalin Indiya da ya fara gudun fanfalaki yana da shekara 89, ya kuma kammala na Toronto a 2011, gudu bai yi masa komai ba. Mota ce ta buge shi a bakin titin ƙauyensu a Yulin 2025. Wanda ya zama dole ya bi titi, ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya jira gari ya waye, ya bar waya a gida saboda masu ƙwace, kuma su fita su biyu ko uku daga masallaci. Filin sukuwa na Nassarawa da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata suna nan, sai dai abin da ke buƙatar kuɗin mota sau uku a mako ba ya ɗorewa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Iyayenmu mata sun fi kowa rashi, alhali bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu ne ya fi saurin yin rauni, kuma motsin da ke ɗora wa ƙafa nauyi yana taimaka masa. Addini bai hana su ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu. Abin da Hajiya 'yar shekara hamsin ke nema shi ne fili mai katanga inda ba idon maza. Makarantun gwamnati da na Islamiyya da ke mazaɓun Tarauni suna da irin waɗannan filaye, kuma da sassafe ƙofofinsu a kulle suke. Masu unguwanni da shugabannin makarantu da ƙaramar hukuma za su iya zama su ware awa ɗaya kafin ɗalibai su iso, wasu ranaku na mata, wasu na maza, a sa maigadi a ƙofa.