A Iska Rini Yake Kamawa

Wanda bai taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata da ke Kano ba yakan ɗauka rini jefa ƙyalle ne a ruwan baba, a bar shi ya sha har ya ƙoshi. Aikin ya fi haka dabara. Marinar, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har gobe da tsohon tsarinta take tafiya. A haɗa baba da toka da ruwa a rijiya, a bar haɗin ya yi makonni yana ruɓa har ya nuna. Sannan marini ya zauna a bakin rijiyar, ya tsoma ƙyalle, ya ɗago, ya warware shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Abin da ke fitowa daga ruwan da farko kore-kore ne. Sai iska ta buge shi za ka ga yana rikiɗa a gaban idonka yana komawa shuɗi. Ruɓar nan ce ke narkar da shunin har ya iya ratsa zare, iska kuma ita ke mayar masa da launinsa ta kulle shi a ciki. Mai son shuɗi mai duhu sai ya haƙura marini ya yi awoyi yana tsomawa yana ɗagowa.

Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar, wannan da ake rataya wa jakar da ta kusa rinjayarsa a kai shi nazare ko rabin aji, haka yake ɗaukar abu. Ranar Litinin malama ta koya musu ƙirga. Ya dawo gida ka tare shi: "Me aka koya muku yau?" Ya ce, "Ba komai," ya yar da takalmi ɗaya a zaure ɗaya a tsakar gida, ya nufi randa. Kai kuma ka fara lissafin kuɗin makaranta a zuci. Ranar Alhamis da safe, an raba ƙosai, sai ka ji murya ta tashi: "Umma, nawa huɗu, na Yaya biyar!" Ƙirgar Litinin ce ta fito, har da sanin cewa biyar ta fi huɗu, wanda ko a aji ba a kai nan ba. Babu wanda ya tambaye shi. An bar shi ne kawai, sai abin ya kama.

Yawancin abubuwan da ke nuna yaro yana girma a waɗannan shekarun a irin wannan sarari suke ɓullowa, kuma ba su da gurbi a takardar sakamako. Babbansu a wurina shi ne aike. "Je ka gidan Inna, ka ce ina gaishe ta, ta ba ni aron rariya." Magana ce gajera, amma kaya uku aka ɗora masa: gaisuwa, roƙo, da dawowa da abin a hannu, ga akuya a hanya, ga yara suna tura taya. Aiken farko yakan dawo da gaisuwa kaɗai. Na biyu ya shiga gidan mutane ba sallama, ya ce, "A ba ni rariya," kamar mai bin bashi. Wani zubin ma sai an bi sawu a same shi ya zauna yana cin ɗumame a gidan, ya manta abin da ya kai shi. Sai wata rana ya shigo da rariya a ka, ya tsaya ya ce, "Umma, ta ce tana amsawa, ta ce kuma ki mayar mata kafin la'asar." Ya kai saƙo, ya karɓo amsa, ya riƙe sharaɗi, ya juya "ni" ɗin Inna ya koma "ta". Ranar ta cancanci a gaya wa mahaifinsa in ya dawo daga kasuwa, amma sau da yawa abin da uwa ke cewa shi ne, "Ajiye can."

Akwai kuma wasan kaka. Tsohuwa ta ga jikanta ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane? To ni dai yaji zan yi." Yana shekara uku, ɓuya yake yi a bayan zanen uwarsa, ko ya ɓare baki. Yana kusan biyar sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Ki tafi mana. Ni ba na son mata marar haƙori." Gida ya kwashe da dariya. A cikin dariyar nan yaro ya nuna ya gane akwai maganar da ake faɗa ba ita ake nufi ba, ya kuma san wa ake yi wa irin wannan baki. Bai gwada ta a kan Baffa ba.

Sauran ƙananan abubuwan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya ba sanarwa. Takalmi ya daina shiga ƙafa a juye. Maɓallin riga ya sami ƙofarsa. Mutumin da yake zanawa a ƙasa, wanda da kai ne kawai da ƙafafu biyu suka tsiro daga haɓa, ya wayi gari da ciki da hannaye. Ya iya tsalle da ƙafa ɗaya, wato an kusa fara langa. Cikin azumi ya dage sai an tashe shi sahur, ya kai hantsi ya sha ruwa, ya ce ya yi rabi, gobe zai haɗa.

Inda nake da ja shi ne yadda muka mayar da yinin waɗannan yara, musamman a birane. Ƙarfe bakwai an loda shi a Keke Napep. Ƙarfe ɗaya an tashi, amma akwai lasin. Ya dawo ya haɗiye abinci, a canza masa kaya sai Islamiyya har kusan magariba. Bayan isha'i ga aikin gida, shafi biyu na rubutun 1 zuwa 100, uwa na riƙe da hannunsa yana gyangyaɗi. In ya yi rigima a miƙa masa waya. Wannan tsomawa ce ba ɗagowa, kuma marini ya san ƙarshenta: shunin da bai sha iska ya zauna a zare ba, wankin farko yake bi. Shi ya sa za ka ga yaro yana rera 1 zuwa 100 kamar waƙa, ka ce ya miƙo maka cokali uku ya kwaso duka.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan 'yan shekara uku da huɗu: barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, motsa jiki na aƙalla minti 180, zaman kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Mai ɗa ya ɗora wannan a kan jadawalin gidansa ya gani ko zai shiga. Shi kansa Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara irin nazare suna a 1840, da wasa da waƙa da 'yan tubalan katako da shuka a lambu ya gina ta. Ba sai mun je Jamus ba ma. Makarantar allo ta daɗe da sanin haka: ƙaramin yaro da kunne yake fara ɗaukar Fatiha da gajerun surori kafin a kai shi ga babbaƙu, ba a wanke masa allo sai karatun ya zauna, kuma Alhamis da Juma'a hutu ne. A Najeriya shekara shida ce shekarar shiga aji ɗaya na firamare, amma gasar iyaye ta sa ana tura ɗan shekara huɗu, don a ce wane ya gama sakandare yana ɗan sha huɗu. Har da bikin yaye 'yan nazare, da alkyabbar haya da hula mai tuntu, kuɗinsu daban.

Kada wani ya ji wannan ya ce makarantar ce ba ta da amfani. Ƙyallen da bai shiga rijiya ba, ko shekara ya yi a kan igiya fari zai zauna, kuma yaran da ba su taɓa ganin aji ba sun fi waɗanda aka cika wa karatu yawa nesa ba kusa ba. Sannan ba kowane zare ke sha daidai da ɗan'uwansa ba. 'Ya'yan ciki ɗaya, wata ta yi surutu tun tana shekara biyu, wani sai ya haura uku bakinsa ya buɗe sosai. Fitsarin kwance kafin shekara biyar likitoci ba sa ɗaukarsa cuta, duka da gori kuwa ba sa tsayar da shi. Amma ɗan shekara huɗu da ba ya haɗa jimla, ko ba ya juyowa in an kira shi, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti a duba, a fara da kunnensa.

Wajen shekara shida haƙorin gaba zai fara girgiɗi, a yi famfara, daga nan kuma boko ta gaske ta karɓe shi da jarrabawarta. Shekarun da ke gabanin haka uku ne kacal. Malaman nazare, ɗan shekara huɗu bai kamata ya koma gida da aikin rubutu ba. Iyaye kuma, tsakanin tashi daga boko da tafiya Islamiyya a bar masa awa biyu nasa na kansa, ba littafi ba waya, ya yi barci ko ya yi tuwon ƙasa. In yamma ta yi, a aike shi.