Kafin Yaro Ya Tafi Yawon Daji

A Kamaru da Nijar, dogon hutun makaranta cikin damina yake faɗowa. Wasu malamai kan kwashi yara su yini a daji, suna koyon sunayen itatuwa da tsuntsaye.

Ku sa wa yaro dogon wando da takalmi sau-ciki, ban da silifa, don kububuwa na ɓuya cikin ciyawa. Ku cika masa gora da tafasasshen ruwa. In yana da farfaɗiya ko sikila, malami ya sani tun da safe.

Abin da ya fi damuna shi ne tafki. Yaro in ya ga ruwa, sai wanka. A ruwan da ke kwance kuwa akwai ƙananan katantanwa masu sakin tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shige jiki. Sai bayan wata 2 ko 3 a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu na cewa alamar balaga ce. Sam, cuta ce mai lalata mafitsara. Ku ja masa kunne, ko ƙafa kada ya tsoma. In kuka ga jinin, ku kawo shi asibiti, akwai ƙwayar maganinta.