Sayen abokan gaba na bogi a wasannin harbi: dabara ce ko ha'inci?

A fadojin matasa na Magarya da Dungas, da an ɗora shayi sai ka ga kawuna sun duƙa kan salula, ana buga Free Fire ko PUBG Mobile. A can muka fara jin maganar "bot lobi", shi ya sa muka ga ya kamata mu warware ta.

Su kansu kamfanonin sukan saka wa sabon shiga ƴan wasan na'ura, wato bot, don ya samu hannu. Wannan ba laifi. Wanda ake saye daban ne. Wani ne ke buɗe asusu da yawa a na'urorinsa, ya shigar da su fili ɗaya da mai biya, su tsaya ƙiƙam kamar gumaka, shi kuwa ya yi ta harbi matsayinsa na hawa.

Masu yi na cewa: kuɗina ne, wa na cuta? To, mu ɗauki kokowa. In ɗan kokowa ya biya abokan karawarsa suka riƙa faɗuwa har ya ɗauki takobi, ba wanda ya ji rauni, amma an cuci wanda ya sha rana yana atisaye, an kuma yaudari ƴan kallo. Haka yake a nan. Da matsayi ake haɗa ƴan wasa, don haka mai matsayin saye zai faɗa ƙungiyar gwanaye ya ja su ƙasa, alhali su ma da guminsu suka sayi megan da suke ƙonawa, ga rezo da ke zuwa yana ɗaukewa. In kuwa gasa ce da aka sa kuɗi, ai maganar ta wuce wasa.

Mun yarda akwai mai uzuri: leburan da ya wuni yana aiki ba ya da lokacin hawa mataki-mataki. Sai dai ya yi wasansa ba tare da ya ɗauki lambar da bai ci ba.

Kamfanonin na rufe asusun da suka kama da irin wannan, duk abin da aka saya a ciki ya tafi. Wasu masu sayarwar kuma sai sun karɓi lambar sirrinka. A Koriya ta Kudu, tun 2019 doka ta haramta sana'ar ɗaga wa wani matsayi don kuɗi, hukuncin na iya kai shekara 2 a gidan kaso.